Satar Bel ɗin Jif

Ranar Alhamis da la'asar, Sufeto Labbo yana ofishinsa a caji ofis na Kaura Namoda yana fama da fankar da ta ƙi juyawa, sai ya ji hayaniya a kanta. Shekarar da ta biyo bayan ƙaddamar da shari'a ce a Zamfara, lokacin da kowa ya zama malami, wanda aka ɗauke wa takalmi a masallaci ma sai ya zo maka yana jawo aya.

Ya fito ya tarar da Alhaji Mainasara, babban ɗan kasuwar hatsi, ya shaƙe wuyan rigar direbansa Dauda da hannu guda. A ɗaya hannun yana riƙe da wata baƙar roba mai haƙora.

"Yallaɓai, ɓarawo na kawo maka!"

"Sake mai riga tukuna. Mi yas sata?"

"Taimin bel!"

Sufeto ya dubi Kofur Jibrin, Kofur ya dubi rufin ɗaki. A aikin nan Sufeto ya ga satar shanu, ya ga satar buhunan gero, har satar ƙarfen layin dogo ya gani. Satar roba daga cikin cikin inji kuwa, yau ya fara ji.

Da ƙyar aka samu zancen ya miƙe. Watan jiya Alhaji ya sayi jif ta hannu, baƙa, mai kyawun jiki. Ya biya ta da tsada don an tabbatar masa an sa mata sabon taimin bel, wato robar nan da ke cikin inji tana haɗa tafiyar sama da ta ƙasa, wadda in ta tsinke mota na gudu, bawul da fistin su yi karo, inji ya tashi aiki. Yau da safe suna hanyar kasuwar Shinkafi, ana dab da shiga gari, sai ji suka yi ƙas, mota ta mutu. Da makaniki ya buɗe sai ga bel a tsinke, tsoho tukuf, duk ya tsattsage.

"Sabo anka sa mata," in ji Alhaji. "Ga tsohon da anka cire, cikin but ɗin motar anka ba ni shi, shi na shaida. To ina sabon yat tahi? Mota hannun wa take kwana? Wanga yaro ya cire ya sayar, ya maƙala mini ruɓaɓɓe. Ni ba beli nike so ba, ba sulhu ba. Gaban alƙali za mu, a yi mai haddi. Hannu!"

Dauda ya dubi hannunsa na dama, ya mayar da shi bayan riga.

"Wa ya sayar maka da motar?" in ji Sufeto.

"Wani babban mutum."

"Ba shi da suna?"

"Yallaɓai, wannan bai shiga cikin magana ba."

"Ni ka bincike ko kai?"

"Na ce bai shiga ba."

Nan ne ran Sufeto ya fara ɓaci. Mutum ya zo yana neman hannun wani, amma sunan wanda ya sayar masa da kaya ya gagare shi faɗi. Ya sa Kofur ya karɓi tsohon bel ɗin, aka shigar da Dauda sel. Bai so tsare shi ba, amma ya san in ya sake shi Alhaji zai wuce da shi kotu da kansa, da 'yan kasuwa a baya suna kabbara.

Kafin ya koma kujera har DPO ya aiko a kira shi. Alhaji ya riga ya shiga wurinsa.

"Labbo, in babu wani abu zuwa Litinin, ka tura fayil kotun shari'a. Ba na son surutu."

Washegari da safe Sufeto ya sa aka fito da Dauda. Saurayi ne siriri, bai daɗe da aure ba, idanunsa sun yi ja don rashin barci.

"Ka taɓa kai motar wurin makaniki?"

"Ko sau guda, yallaɓai."

"Ka taɓa hita da ita ba da sanin Alhaji ba?"

"Ban taɓa ba."

"To wa anka gani da ita Kuryar Madaro ranar Lahadi, cike da mata da kwanuka? Kofur ɗina ɗan can ne."

Dauda ya sunkuyar da kai, hawaye suka zubo.

"Sunan ɗiyar yayata anka yi, yallaɓai. Alhaji ya tahi Gusau a motar haya. Na kai su na dawo, wallahi ko bonet ban buɗe ba."

Sufeto ya buga tebur.

"Kai wane irin wawa ne? Ana zancen hannunka kana yi mini ƙarya kan kwanukan suna! In alƙali ya kama ka da wagga ƙarya guda, sauran gaskiyarka duk ta zube. Daga ina motar tat taho?"

"Zurmi."

"Gidan wa?"

"Ban sani ba. Muhtari dillali ya kawo ta har ƙohwar gida, da makulli da takardu."

Sufeto ya ɗauki tsohon bel ɗin, ya hau bayan babur ɗin Kofur, suka kama hanyar Shinkafi, don motar ofis ba ta da mai kamar kullum.

Jif ɗin tana wani gareji a bakin gari, bonet a buɗe, an zube kayan cikinta a kan buhu. Mai garejin, Tijjani, yana ganin kaki ya fara goge hannu a wando yana murmushin dole. Alhaji babban kwastomansa ne, duk manyan motocinsa na hatsi nan suke zuwa.

"Direba na iya cire wanga bel shi kaɗai?" in ji Sufeto.

"To, yallaɓai, 'yan zamani ba abin da ba su iyawa."

"Kai da kab buɗe, mi da mi kac cire kahin ka kai gare shi?"

"Lagireto, fanka, fulin ƙasa, sannan murhi."

"Awa nawa?"

"Rabin wuni, mu uku."

"Ku uku rabin wuni, shi kuma shi kaɗai ya yi a ɓoye, ba gareji ba kayan aiki. Aljani ne?"

Tijjani ya sosa ƙeya.

Sufeto ya sa aka miƙo masa bel ɗin da ya tsinke. Ya shimfiɗa shi a ƙasa, ya sa wuƙa ya yanke wanda aka samu a but, ya shimfiɗa kusa da shi. Ba sai an kira masani ba. Na but ɗin gajere ne, bai kai ɗayan ba da fiye da taƙi guda, ga shi siriri, haƙoransa ma ba iri ɗaya ba.

"Tijjani, wanga gajeren zai shiga wagga mota?"

"A'a."

"Na wace iri ne?"

"Ƙaramar mota, irin waɗanda ka yin tasi."

"Jiya Alhaji ya nuna maka shi?"

"Ya nuna."

"Kag gaya mai?"

"Yallaɓai, mutum na cikin hushi, kuma ba a tambaye ni ba."

"Ba a tambaye ka ba! Yaro na kwance sel ana wasa wuƙa, kai kana jiran a tambaye ka. Kusoshin murhin hwa, da alamar an taɓa kwance su?"

Wannan karon Tijjani bai yi kwana ba. Ya ce kusoshin sun kama tsatsa, fentin kamfani na nan a kansu, har guda ta karye masa wajen kwancewa. Tun da aka ƙera motar ba wanda ya taɓa buɗe wurin.

Ke nan babu sabon bel da aka sace, don ba a taɓa sa shi ba. A garejin ƙasar nan al'ada ce in an canza wa mota kaya a miƙa wa mai ita tsohon, ya gani ya yarda. Wani ya san wannan al'ada, ya jefa tsohon bel ɗin wata mota cikin but, Alhaji kuwa ya rungume shi kamar takardar filin gado.

Ranar Asabar Sufeto ya sami Muhtari dillali a gindin dalbejiyar da ke kusa da tashar jirgin ƙasa, inda yake baje kolinsa. Mutum ne mai tsabta, farar shadda, carbi a hannu, baki kamar an shafa masa zuma. Yana jingine da wata ƙaramar mota ja, tasa ta kansa, yana ta goge mata gilashi.

"Marhabin da manya! A kawo shayi?"

"A'a. Kai ka kawo wa Alhaji Mainasara jif?"

"Ni ne, ranka shi daɗe. Mota lahiyayya, mai ita ma don ya tsuhwa yas sayar."

"An canza mata bel?"

"Gaban idona, can Zurmi. Mai motar da kainai yab ba ni tsohon, yac ce in kai shaida."

"Wane gareji?"

"Wani yaro ne mai yawo da kayan aiki, ina jin ya tahi Nijar."

"Kullum suna tahiya Nijar," in ji Sufeto. "Wa ke da motar?"

Muhtari ya rage murya, ya matso.

"Yallaɓai, a bar kaza cikin gashinta. Malam Abdulrashid ne, tsohon sakataren ilimi na Zurmi. Uban Hajiya Zulaihat, uwargidan Alhaji. Surukinai ne. Ka ga kuwa in ka tahi can da kaki, aure za ka girgiza. Direba ne ya yi ɓarna, a bar shi ya ɗauki kayanai."

Sai a lokacin Sufeto ya gane abin da ya ɗaure bakin Alhaji. Mutumin da ba ya iya cin abinci gaban surukinsa, ba ya iya kiran sunansa, in ya hango shi a hanya sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ina zai iya zama ya yi ciniki da shi, balle ya ce masa ka sayar mini da mota mai aibi? Ya fi masa sauƙi a ce direba ɓarawo ne. Haushi ya kama Sufeto har ya rasa wanda zai fara zagi a zuci.

"Yaya motarka?" ya tambaya yana duban jar motar.

"Alhamdu lillahi, sai hamdala. Watan jiya na yi mata aiki, yanzu awa sabuwa."

"Madalla," in ji Sufeto, ya hau babur.

A Zurmi suka tarar da Malam Abdulrashid a zaure, kan buzu, littattafai a gefe. Dattijo ne mai farin gemu da magana a hankali. Aka gaisa, aka kawo ruwa, aka tambayi damina da iyali. Sufeto ya daure har gaisuwa ta ƙare, sannan ya shiga magana.

"Malam, motar da ka sayar, ka canza mata taimin bel?"

"Ban canza ba."

"Ba ka ba Muhtari tsohon bel ya kai shaida ba?"

"Ina zan samo tsoho, alhali yana cikin mota? Makanikina ya duba mita yac ce mini lokacin canjin bel ya wuce, kada a yi doguwar tahiya da ita. Ni kuwa ban sayar da abu in ɓoye aibinai, haramun ne. Na ce wa Muhtari motar dubu ɗari tara ce, amma na rage hamsin, a gaya wa mutumin Kaura ya kai ta gareji kahin komi. Dubu ɗari takwas da hamsin yak kawo mini, na ba shi la'adatai."

"Ba ku taɓa zancen da shi mai sayen ba?"

Malam ya yi ɗan murmushi.

"Haba, Sufeto. Kai ba ɗan ƙasar ga ba ne? In zauna in yi ciniki da mijin ɗiyata? Ya zo gaisuwa bayan nan, na ce Allah shi sa albarka, yac ce amin. Iyakarta ke nan."

"To albarkar ta tsinke a hanyar Shinkafi, Malam. Direbanai na tsare, ana neman a yanke mai hannu kan bel ɗin da ba a taɓa saye ba."

Murmushin ya ɓace. Dattijon ya jawo takalmansa.

"Yaushe kake so in zo?"

Ranar Litinin da hantsi Sufeto ya tara su a ofishinsa. Ya aika wa Alhaji cewa za a rubuta bayanin ƙarshe kafin a tafi kotu, ya aika wa Muhtari cewa ana bukatarsa shaida. Muhtari ya iso a jar motarsa yana ƙamshin turare. Alhaji ya shigo yana faɗa tun daga ƙofa.

"Yallaɓai, kwana nawa za a yi ana..."

Sai ya ga wanda ke zaune a kujerar kusurwa. Maganar ta maƙale. Babban mutum mai manyan motoci ya zube ƙasa, ya tuɓe takalmi, ya kafa ido a siminti.

"Baba, an zo lahiya?"

"Lahiya lau," in ji Malam, yana duban taga.

Muhtari ya fara laluben ƙofa da ido, amma Kofur Jibrin ya riga ya tsaya a bakinta.

"Alhaji, nawa ka biya kuɗin motar?" in ji Sufeto.

Alhaji ya ƙara sunkuyar da kai.

"Alhaji, da kai nike."

"Yallaɓai, a gaban Baba..."

"A gaban Baba! Ran Alhamis a gaban jama'a ka iya hwaɗin hannu, yau lamba ta gagare ka? Wallahi ko ka hwaɗi, ko in rubuta ka kawo ƙarar ƙarya in sa ka inda ka sa yaron mutane."

Alhaji ya share gumi, ya yi magana kamar mai raɗa.

"Miliyan guda da dubu ɗari."

Malam ya juyo daga taga.

"Mi anka ce maka game da bel?" in ji Sufeto.

"An ce Baba ya sa sabo da kuɗinai, shi ya sa ta yi tsada. An ce kuma kada in nemi ragi, Baba zai ji ba daɗi."

"Malam, kai nawa anka kawo maka?"

"Dubu ɗari takwas da hamsin."

Sufeto ya ɗauko bel biyun ya shimfiɗa a tebur, dogo da gajere.

"Muhtari, wanga gajeren ka ce Malam ya ba ka. Malam ya ce bai ba ka ba. Makaniki ya ce ba na jif ba ne, na ƙaramar mota ne. Kai kuma ka ce watan jiya ka yi wa taka aiki. Kofur, kira makanikin bakin tasha, a buɗe jar motar can a gwada. In bai yi daidai da nata ba, ni zan ba ka haƙuri gaban kowa."

"Yallaɓai, ai ba sai an kai ga haka ba."

"Sai an kai."

Carbin ya faɗi daga hannun Muhtari. Ya durƙusa.

"Sharrin Shaiɗan ne, ranka shi daɗe. Nata ne. Na ga ba za su taɓa zama su yi zancen kuɗi ba har abada, shi yana kunya, shi ma yana kunya. Na ce in ci nan in ci can. Bel ɗin kuwa na ɗauka zai kai shekara, in ya tsinke a ce ƙaddara."

"Da ka ji an kama Dauda hwa?"

Muhtari ya kafa ido a kan carbinsa da ke ƙasa.

"Ka ce mini a bar shi ya ɗauki kayanai," in ji Sufeto. "Kofur, sa mai ankwa. Zamba cikin aminci, da ba ɗan sanda bayanin ƙarya. Ka hito mini da yaron."

Alhaji ya ɗago kai a karo na farko.

"Yallaɓai, a rufa asiri. Muhtari ɗan gida ne, tare munka tashi. In ya maido kuɗin a yi sulhu."

Sufeto ya dube shi har sai da Alhaji ya sake sunkuyawa. 

Aka shigo da Dauda, rigarsa ta yi dauɗa, ya ɗauka kotu za a kai shi. A bakin ƙofa ya yi kiciɓis da Muhtari, Kofur na tura shi gaba da ankwa a hannu. Sufeto ya gaya wa Dauda an gano gaskiya, ya tafi gida.

"To, Dauda, sai haƙuri," in ji Alhaji. "Ƙaddara ce. Gobe ka zo da wuri, akwai kaya Gusau."

Dauda ya tsaya yana dubansa.

"Da an yanke, Alhaji, da wane hannu zan zo in ja motar?"



Malam Abdulrashid ya miƙe a hankali, ya gyara rawani. Tun ranar da ya ba da auren 'yarsa bai taɓa duban mutumin nan ido da ido ba, bai taɓa kiran sunansa ba. Yau ya tsaya a kansa.

"Mainasara."

Alhaji ya ƙara dunƙulewa a ƙasa.

"Tambaya guda za ka yi mini, da duk wannan bai hwaru ba. Ka ji kunyata, ba ka ji kunyar Allah ba a kan hannun wanga bawa nai. Wagga kunya ban so ta, ka riƙe abinka."

Ya kama hannun Dauda, na daman, suka fita tare. Daga can cikin baranda aka ji ƙarar ƙofar sel ta rufe a kan Muhtari.